Ƙannena masu koyon sassaƙa lino, ku daɗe a kan takarda kafin ku ɗauki wuƙa

Ƙannena ɗaliban kwaleji da lise na birnin Yamai, musamman waɗanda aka fara koya wa buga hoto da lino a darasin zane, ina yi muku sallama. A satin da ya wuce wani malami abokina ya gayyace ni ajinsa domin in taya shi nuna wa yara yadda ake riƙe wuƙar sassaƙa, kuma abin da na gani a can ne ya sa na rubuta muku wannan. Tun bai gama raba allunan ba, yawancin ɗaliban sun riga sun duƙufa suna yanka, babu wanda ya zana komai a takarda. Kafin a tashi alluna da dama sun lalace, wata yarinya kuma tana matse da yatsanta cikin gefen hijabi don kada malam ya ga jinin. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin na san wahalar da malamin ya sha kafin ya samo waɗannan alluna.

Ya kamata ku san abin da aka danƙa muku. Lino ba ledar ƙasa ba ce irin ta roba da ake shimfiɗawa a ɗakunanmu. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Frederick Walton ne ya ƙirƙiro shi wajajen 1860 domin shimfiɗar daɓe, ta hanyar haɗa daskararren man irin tsiron lin da ƙaro da garin katako da garin ɓawon itacen da ake yin toshiyar kwalba, sannan a matse haɗin a kan algarara. Idan kuka juya allon za ku ga saƙar algararar a bayansa. Sai a farkon ƙarni na 20 masu zane, cikinsu har da wasu na Jamus, suka gano cewa ya fi katako daɗin sassaƙa, saboda ba shi da jijiyar da za ta karkatar da wuƙa. Daga waje ake kawo mana shi, kuma kaurinsa bai wuce milimita 3 da ɗoriya ba. Wanda ya ɓata allo ɗaya ya hana ɗan'uwansa na wani aji samu.

Ga asalin maganata. A wannan sana'a, duk inda wuƙa ta ci, nan ne zai fito fari a takarda, inda kuka bari kuwa shi ne zai ɗauki tawada. Mai zane da fensir yana da abin gogewa, mai fenti yana iya shafe kuskurensa da wani launi, amma yanka a lino zarar bunu ne, abin da ya fita ba ya komawa. Saboda haka rabin aikin a kan takarda yake ƙarewa. Ku ɗauki misalin wanda yake son buga raƙumin dawa irin na Kure. Dole ne ya yanke shawara tun da wuri: shin dabbar ce za ta zama baƙa a kan farin fili, ko filin ne baƙi ita kuma fara? Shin dabbare-dabbaren jikinta zai bari ya sassaƙe layukan da ke tsakaninsu, ko akasin haka? Babu ruwan toka a nan, baƙi ne da fari kawai, kuma idan ana son inuwa sai a jera siraran layuka kusa da juna har ido ya haɗa su da kansa. Wanda bai cike baƙaƙen wurare a takardarsa ba, ya ja da baya ya dube su daga nesa, ya sāke zanen sau biyu ko uku, to bai shirya taɓa wuƙa ba, komai ƙaiƙayin da hannunsa yake yi.

Sai kuma batun juyewa, wanda kusan kowa sai ya faɗa masa sau ɗaya. Abin da ke dama a allo, hagu zai koma a takarda. Ina ɗan shekara goma sha huɗu na yi kwana uku ina sassaƙa "Barka da Sallah" domin in buga wa mahaifiyata, na rubuta shi daidai yadda ake karantawa, da na ɗaga takardar sai ga haruffa sun ba ni baya. Na yi kuka a ranar, kuma ban samu wani allon ba sai bayan hutu. Masu yin hatimi a bakin titi sun san wannan tun fil azal, shi ya sa a juye suke yanka kowane harafi. Ku danna fensir mai laushi a kan zanenku, ku kife takardar a kan lino, ku murza bayanta da cokali, hoton zai sauka a juye da kansa. In akwai rubutu, ku duba allon a madubi kafin yankan farko.

Game da hannu kuwa, ba zan sassauta muku ba. Hannun da ke riƙe da allo a bayan wuƙa yake zama, har abada ba ya shiga gabanta. Idan layi ya lanƙwasa, allon ake juyawa, ba a bin sa da wuƙa zuwa wajen ciki ko yatsa. Wuƙa mai bakin V ta fitar da layi ce, mai bakin U kuma ta share fili, kuma duk wadda ta dakushe ta fi mai kaifi haɗari, domin sai an danna ta da ƙarfi, daga nan sai ta kubce. Da sanyin safiyar hunturu lino yakan taurare, sai ku ajiye shi a rana na ƴan mintoci, zai yi laushi har wuƙa ta riƙa tafiya ba gardama. Kada ku haƙa rami har ku tarar da algarara; yanka marar zurfi ya wadatar. Wanda kuma ya yanke, ya gaya wa malam nan take a wanke a ɗaure, ɓoyewa ba jarumtaka ba ce.

Wajen tawada ma gaggawar ce ke cutar ku. Kaɗan ake zubawa a kan gilashi, a yi ta mirgina rulo, wato abin shafa tawada, gaba da gefe har ta baje, ta daina sheƙi mai kauri, ta koma wani siririn sauti kamar na yayyafi a kan kwano. Idan ta yi yawa sai ta cike ƙananan layukan da kuka ɓata awoyi kuna fitarwa. Tawadar da ake wankewa da ruwa tana saurin bushewa a iskar Yamai, don haka a tanadi takarda a kusa tun kafin a shafa. A kwantar da ita sau ɗaya, a murza da bayan cokali daga tsakiya zuwa baki, a ɗaga kusurwa ɗaya a leƙa ba tare da an motsa sauran ba. Bugun farko gwaji ne, shi zai nuna inda ya rage a ƙara yanka. In kun buga guda goma, ku rubuta 1/10, 2/10 da fensir a ƙasan kowanne tare da sa hannu. Kada a jiƙa allon cikin ruwa, a goge shi kawai, in ba haka ba zai kanannaɗe.

Na ji wasunku suna cewa ai darasin zane na hutawa ne, ba shi ke sa a ci jarrabawa ba. Wannan magana tana yi mini ciwo. John Muafangejo na Namibiya, wanda ya rasu a 1987 yana da shekara 44, da baƙi da farin lino ya ba da labarin mutanensa har duniya ta san shi, kuma yakan sassaƙa dogayen jimloli cikin hotunansa, kowane harafi a juye. Bruce Onobrakpeya na Najeriya, wanda ya yi karatu a Zariya, ya yi aiki da lino sosai har ya fito da dabarunsa na kansa. Picasso ma, shahararren mai zanen nan ɗan Sifen, yana da shekara kusan tamanin, ya riƙa buga launuka da yawa da allo ɗaya tak: ya buga launin farko, ya ƙara sassaƙe allon, ya buga na biyu a kai, har allon ya kusa ƙarewa, kuma a wannan hanya babu damar komawa baya ko da taki ɗaya.

Ba ma sai kun je nesa ba. Ku shiga gidan tarihi na Bubu Hama ko ƙauyen masu sana'ar hannu na Wadata, ku zauna kusa da dukawa da maƙeran azurfa, ku lura da tsawon lokacin da dattijo yake ɗauka yana juya fata ko ƙarfe a hannunsa, yana aunawa da ido, kafin ya sa mata kaifi. Ku gaishe shi da ladabi, ku nemi izinin kallo, yawancinsu ba sa hanawa.

Na yi wa malaminku alkawarin dawowa ranar darasi na gaba, kuma mun yi shawara cewa ba za a ba kowa allo ba sai ya nuna zane uku na abu ɗaya, an cike baƙaƙen wurarensa, an kuma duba shi a madubi. Zan zo da dutsen wāshi da madubi ƙarami, ku kuma ku zo da cokali daga gida.