Darasin kai-tsaye ta bidiyo bai dace da ɗalibin Arewacin Kamaru ba

Wani sabon salo ya shigo wasu cibiyoyin koyar da sana'a da makarantun dare a Garwa da Marwa: sai ɗalibi ya hau Zoom a daidai lokacin da aka tsayar, ya kunna kyamara, in ba a ga fuskarsa ba a rubuta masa fashi. Wannan zalunci ne, ko da waɗanda suka kafa dokar ba su nufi haka ba.

A duba lissafin. Awa ɗaya ta taron bidiyo na jama'a tana iya cinye rabin giga, wani lokaci fiye. Awa ɗaya ta saƙon murya a WhatsApp ba ta kai mega 10 ba. Kuma bidiyon kai-tsaye yana buƙatar rezo, wato sadarwar intanet, mai ɗorewa daga farko har ƙarshe. Da ya tsinke na minti 2, bayanin da malam ya yi a ciki ya tafi ke nan. Saƙon murya kuwa yana jira. Ɗalibi a Mokolo ko Yagwa zai sauke shi da tsakar dare in rezo ya dawo, ya saurara sau uku, ya koma baya daidai inda ya ɗaure masa kai.

Sai maganar wuta. Yawancin lantarkin yankunan Arewa uku daga madatsar Lagdo yake fitowa, kuma kowa ya san yadda ake rabon wuta unguwa-unguwa idan ruwa ya ja baya da rani. Wayar da ke kan kashi 15 na caji ba za ta kai ƙarshen darasin bidiyo ba. Matar da ke ɗora tukunya bayan magariba da telan da ke kan keke har isha'i, su ma an fitar da su tun kafin a fara.

Masu kare tsarin suna cewa in ba a ga ido da ido ba ɗalibai za su yi lalaci. Ai mai lalaci yana iya kunna kyamara hankalinsa na kasuwa.

Abin da ke ƙona min rai shi ne mun riga mun san amsar tun a tsangaya. Malam yana biya wa almajiri karatu na ɗan lokaci, almajiri ya ɗauki allonsa ya koma gefe ya yi ta maimaitawa shi kaɗai, sannan ya dawo ya kawo hadda a gyara masa. Zaman gaba-da-gaba na gyara ne, na kama kuskuren baki ko na hannu nan take. Zuba bayani na awa guda ba ya buƙatar mutum 40 su daina komai a lokaci ɗaya. A 2020, da korona ta sa aka rufe makarantu, an koyar ta talabijin da rediyo na CRTV, kuma wanda wuta ta ɗauke masa a wannan sa'a ya rasa darasin.

Saƙon murya ma ana ɓata shi. Malam ya tura abu ɗaya na minti 45 ba suna ba lamba, gaisuwa da addu'o'i su binne shi a zauren WhatsApp. A yanka darasi gunduwa-gunduwa na minti 5 zuwa 7, a sa wa kowanne lamba da take a rubuce, a kulle zauren darasi sai malam kaɗai ke turawa, tambayoyi su tafi wani zaure dabam. Sau ɗaya a mako a haɗu kai-tsaye da murya kawai, a naɗe zaman saboda wanda bai samu shiga ba. Halarta kuma a auna ta da aikin da ɗalibi ya turo kafin Juma'a.