Bidiyon harin Christchurch da masu tura shi

Duk shekara idan watan Maris ya kama, sai bidiyon harin masallatan birnin Christchurch na ƙasar New Zealand ya sake ɓulla a zaurukan WhatsApp, an haɗa shi da rubutu cewa a yaɗa domin duniya ta ga abin da ake yi wa Musulmi. Matasa 'yan uwana, ba na shakkar niyyar mai turawa, amma ya dace mu tambayi kanmu wane ne ya ɗauki bidiyon nan, kuma don me ya ɗauke shi.

Maharin ne da kansa. A ranar Juma'a 15 ga Maris 2019 ya ɗaura kyamara a kansa, ya shiga masallacin Al Noor a ƙasar New Zealand yana harbi yana nunawa kai tsaye a Facebook, daga nan ya wuce masallacin Linwood, mutum 51 suka rasu. Kamfanin Facebook ya ce waɗanda suka kalla a lokacin ba su kai 200 ba, amma cikin awa 24 sai da ya cire ko ya toshe kwafi miliyan 1.5. Wannan tazarar ba maharin ne ya cike ta ba, masu turawa ne, kuma wasunsu da hawaye suka tura. Shi kuwa abin da yake nema ke nan, a gan shi, a firgita, wani ya yi sha'awar kwaikwayonsa. An kuwa samu, domin matashin da ya kashe baƙar fata 10 a wani kanti a birnin Buffalo na Amurka a 2022 ya rubuta cewa harin Christchurch ne ya zaburar da shi, shi ma kai tsaye ya nuna nasa.

Akwai masu cewa ɓoye hoton danne gaskiya ne. Ba a danne komai ba, tunda an gurfanar da maharin, ya amsa laifinsa, a 2020 aka yanke masa ɗaurin rai da rai ba tare da damar sakinsa ba. Hujja ta isa hannun masu bincike da kotu, kuma hukumomin ƙasar sun haramta mallakar bidiyon da yaɗa shi.

Abin da ya fi damuna shi ne hakkin mamatan. Addininmu ya koyar da mu suturta gawa, har mai wanka an hore shi da ya rufa asirin abin da ya gani, to ta yaya za mu riƙa yawo da gawarwakin masallata a waya? Cikinsu akwai yaro ɗan shekara uku, akwai dattijon da ya tarbi maharin a ƙofa yana kiransa ɗan uwa, kuma iyalansu suna raye suna amfani da intanet kamar mu. Idan bidiyon ya shigo wayarka, ka goge shi, ka roƙi wanda ya turo da lalama ya daina, sannan ka yi wa mamatan addu'a.