A zazzaɓin denge, saukar zafi ba warkewa ba ce

Wallahi raina ya ɓaci da abin da nake karantawa kan rasuwar wata yarinya da ta kamu da denge, wani zazzaɓi da sauro ke yaɗawa, Allah Ya jiƙanta. Kowa sai cewa yake: "Ai jiki ya yi sauƙi, zazzaɓin ma ya sauka." Jama'a, a denge saukar zazzaɓi ba warkewa ba ce! Lokacin ne ma ake sa ido sosai.

Bayan sauro ya ciji mutum da kwana 4 zuwa 10, zafi ke tasowa har ya kai digiri 40, ga ciwon kai, ga ciwo a bayan idanu, ga gaɓoɓi kamar ana karya su. Tsakanin kwana na 3 da na 7 sai zafin ya faɗi, kowa ya saki jiki. To awa 24 zuwa 48 da ke biye su ne na hatsari, domin a jikin wasu ruwan jini yakan fara tsiyayewa daga jijiyoyi. Yaro ya riƙe ciki yana kuka, amai ya ƙi tsayawa, dasashi ko hanci na jini, tafin hannu ya yi sanyi ƙalau, numfashi na sauri. Wanda ya ga haka ya ɗauki mara lafiya zuwa asibiti a daren, kada ya jira gari ya waye.

Wani zai ce ai yawancin masu denge suna warkewa cikin mako ɗaya ko biyu. Gaskiya ne, amma wa ya ba ka tabbacin naka yana cikinsu? Idan an kula da wuri, waɗanda ke mutuwa ba su kai ɗaya cikin 100 ba. Sakaci ne ke kisa. Wani kuma ya ce ya taɓa yi, ya wuce wurin. Ƙwayar cutar iri 4 ce, kamu na biyu da wani irin ya fi na farko hatsari.

Kuma don Allah a daina ɗura wa mutum asfirin ko ibufurofen, suna ƙara zubar jini. Farasitamol da ruwa mai yawa, sannan likita.

Ga masu cewa suna kwana a gidan sauro: wannan sauron, baƙi mai ɗigon fari a ƙafafu, da rana yake cizo. A ruwan da ya taru cikin tsohuwar taya ko bokitin da aka bari a buɗe yake ƙyanƙyasa. A leƙa bayan gida yau, a kife su.