Titin da baƙo ke bi, ɗan gari ba ya bi

Assalamu alaikum 'yan'uwa.

A birnin Khalil, wanda Turawa ke kira Hebron, kudu da Ƙudus, akwai wani titi da ake kira Titin Shuhada. Da can nan ce cibiyar kasuwar garin. Yau idan baƙo ya zo daga Jamus ko Amurka da fasfonsa, sojan Isra'ila zai duba ya ce masa wuce. Bafalasɗinen da ya rako shi kuwa, wanda a garin aka binne cibiyarsa, a bakin shinge zai tsaya, sai ya zagaya ta wata hanya su haɗu a can gaba. Wasu baƙin sun ba da labarin cewa sai da sojan ya tambaye su addininsu kafin ya buɗe musu hanya.

Yadda aka kai ga haka ya fi abin kansa ciwo. Ranar Juma'a 25 ga Fabrairu 1994, cikin watan Ramadan, wani Bayahude ɗan kama-wuri-zauna mai suna Baruch Goldstein ya shiga Masallacin Annabi Ibrahim (AS) ana sallar asuba, ya buɗe wuta a kan sahu. Mutum 29 suka rasu, fiye da 100 suka jikkata. To a kan wa hukuncin ya faɗa? A kan dangin mamatan. Su aka sanya wa dokar hana fita, aka raba masallacin gida biyu, aka hana motocinsu bin Titin Shuhada, daga shekarar 2000 kuma har tafiyar ƙafa aka hana su a mafi yawansa. An liƙe ƙofofin shaguna da walda. Akwai gidajen da aka rufe ƙofarsu ta gaba, har tsofaffi sai sun bi ta rufin maƙwabta ko ta bayan gida kafin su fita. Baƙon da ya ratsa tsohuwar kasuwa in ya ɗaga kai zai ga ragar waya a sama. 'Yan kasuwa ne suka shimfiɗa ta don ta tare shara da duwatsun da ake jefo musu daga benayen 'yan kama-wuri-zauna.

Ɗakin kiran sallar masallacin ma a ɓangaren da ke hannun Isra'ila yake. Ladan sai da izinin soja yake shiga, kuma sau da yawa ana hana shi. Allah Maɗaukaki Yana cewa a Suratul Baƙara, aya ta 114: wane ne ya fi zalunci a kan wanda ya hana a ambaci sunan Allah a masallatanSa?

Nasihar a kanmu take, ni da ku. Mutumin Khalil sai ya bi ta ƙofar ƙarfe mai juyawa, na'ura ta laluba shi, ya nuna katin shaida ga yaron da bai kai sa'ar ɗansa ba, sannan ya samu sahu. Kuma yana zuwa. Mu fa? Masallaci na jikin katangarmu, lasifika har cikin ɗaki, babu mai tambayarmu takarda, amma asuba sahu ɗaya ba ya cika. Wanda ya zauna Maiduguri ko Kano a shekarun rikici bai manta yadda ake sauka a tura babur a gaban shingen jami'an tsaro ba, da irin ƙuncin da hakan ke sa wa zuciya. Su tun 1967 suke ƙarƙashin mamaya. Wanda aka haifa a waccan shekarar, yanzu yana da jikoki. Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya wayi gari cikin aminci a gidansa, da lafiya a jikinsa, da abincin yininsa, kamar an tattara masa duniya ne. Da yawanmu mun wayi gari da ukun nan yau, kuma da ƙorafi muka fara buɗe baki.

Baƙo raɓa ne, zai koma ƙasarsu, amma abin da idonsa ya gani ya zama amana a wuyansa, kuma wasu sun biya da rayukansu. Rachel Corrie, Ba'amurkiya 'yar shekara 23, katafilar sojan Isra'ila ta take ta a Rafah da ke Zirin Gaza ranar 16 ga Maris 2003 tana ƙoƙarin kare gidan wasu Falasɗinawa daga rusau. Ba Musulma ba ce. Haka kuma cikin masu zagayawa da baƙi a Khalil suna nuna musu wannan zalunci akwai tsofaffin sojojin Isra'ila, 'yan ƙungiyar Breaking the Silence da aka kafa a 2004, waɗanda su da kansu suka yi gadi a waɗannan shingaye. Shi ya sa nake jin nauyi idan na ga ɗan'uwa ya hau Facebook yana tsine wa duk Bayahude da duk Kirista a dunƙule, alhali akwai Kiristoci Falasɗinawa a Baitalami da katanga ɗaya ta kewaye su tare da Musulmi. Suratul Ma'ida aya ta 8 ta hana ƙiyayyar wasu mutane ta kai mu ga barin adalci. Haka masu tura hoton da ba su tantance ba: gaskiyar abin da ke faruwa ta isa, ba ta buƙatar ƙari, kuma ƙarya ɗaya da aka kama azzalumi take yi wa aiki.

Wanda ke da hali ya taimaka ta hanyar da ya tabbatar za ta isa gare su. Wanda ba shi da shi, sujada ba ta buƙatar kuɗi. Ya ambaci mutanen Khalil, da na Gaza, da na Ƙudus da sunan garuruwansu. Limamanmu kuma, don Allah a riƙa tunawa da su a ƙunuti.

Allah Ka yaye musu, Ka karɓi shahadar waɗanda aka kashe suna sallah, Ka tashe mu asubar gobe a cikin jam'i. Amin.