"Kada ku hukunta" ba izinin yin zunubi ba ne

Sau da yawa idan aka ja hankalin ɗan'uwa a kan wani laifi, sai ka ji ya ce, "Ai Yesu ya ce kada a hukunta kowa. Kowa da gaskiyarsa." Maganar farko tana nan a Matiyu 7:1, amma ta biyun ƙari ne da mutane suka yi.

A ci gaba da karatu zuwa aya ta 5. Yesu ya kawo misalin mai gungume a idonsa da ke leƙen ɗan haki a idon ɗan'uwansa. Bai ce a bar hakin yadda yake ba. Cewa ya yi ka fara cire gungumen, sannan ka gani sosai har ka cire hakin. Munafunci ya tsawata wa, amma haki dai haki ne, kuma yana ciwo.

Haka ya yi da matar da aka kama tana zina a Yahaya sura 8. Da ya ce marar zunubi a cikinsu ya fara jifanta da dutse, waɗanda suka kawo ta suka zame ɗaya bayan ɗaya, manya suka fara. Ya ce shi ma bai hukunta ta ba, ya kuma ƙara da cewa kada ta sake yin zunubi. Ya kira abin da sunansa.

Wannan ne ke damuna. In da zunubi ra'ayi ne kawai, me ya kai Almasihu kan gicciye? Romawa 6:23 ta ce hakkin zunubi mutuwa ne, kuma Ishaya 5:20 ya yi kaito ga masu kiran mugunta nagarta.