Flexible ba ta nufin abu mai miƙewa kamar roba

Ɗalibai da yawa in ka tambaye su ma'anar kalmar Turancin nan flexible, sai su ce "mai talewa", su kwatanta da robar danƙo. A'a. Abin da ake ja ya miƙe, a sake shi ya koma, wannan elastic ne. Flexible kuwa lanƙwasa ce zalla.

Asalinta Latin ne, daga aikatau flectere, wato tanƙwara, kuma ta shiga Turanci tun wajajen ƙarni na 15. Dubi tsumagiyar da aka yanko ɗanya: ka haɗa bakinta biyu ba ta karye ba, amma ja ta iya ƙarfinka, ko ɗan yatsa ba za ta ƙaru ba. Busasshen karan dawa kuwa, kana taɓa shi sai ƙaras! To tsumagiyar nan ita ce flexible. Shi ya sa a Ingila suke kiran igiyar wayar dutsen guga flex, don tana nannaɗuwa. Daga tushen ne kuma aka sami reflect, hasken da ya daki madubi ya tanƙwaro baya.

Inda kuskuren ya fi ciwo shi ne kan mutane. In Bature ya ce da kai flexible, yabo ne yawanci, ba yana nufin ka zama raƙumi da akala ba. Yana nufin in an ɗage taro daga safe zuwa la'asar, za ka gyara shirinka ba tare da ƙorafi ba.