A kula da santsin bakin tafki

Wani rahoto ya yaba kyan hanyoyin keke a wani gandun daji, amma bai taɓo santsi ba. Kwaltar da ke gefen tafki, ƙarƙashin inuwar itatuwa, ba ta bushewa da wuri. Raɓa da ruɓaɓɓen ganye da gansakuka kan mayar da ita kamar an zuba mai. Mai taya mai faɗin milimita 28 ya rage iska zuwa wajen psi 65 (ma'aunin ƙarfin iskar taya) don ta kama ƙasa. A ja birki kafin kwana, domin ja a tsakiyarta shi ke zamar da tayar gaba. Jiƙaƙƙen birkin roba kuwa sai taya ta ɗan juya yake ci. A kunna fitila ko da rana, kuma a sassauta gudu da asuba da almuru, lokacin da dabbobi ke tsallakawa shan ruwa.